Idon Yari da Hannun Babaji

Idan ka fito ta Ƙofar Kaura ka bar babban titi, ka shiga layin da masu walda ke kashe wa mutane ido, akwai wata rumfar kwano can ƙarshe wadda ba ta da allon suna. Ba ta taɓa yin allo ba. A nan Malam Yari Shida yake zama tun daga hantsi har la'asar sakaliya, shi kaɗai, yana korar ƙuda da tsumman goge hannu.

Shida ba sunan gidansu ba ne. Kanikawan gari ne suka laƙa masa, domin tun yana da ƙarfinsa ba ya kula injin da ba silinda shida a jere ba. Mai huɗu ya ce abin wasan yara ne. Wanda aka raba gida biyu kuwa, uku nan uku can, ya ce ba ya shiga rigimar da bai san mafarinta ba. A cikin injin ma ba ko'ina yake taɓawa ba. Aikinsa tof ne, wato ƙaton murfin ƙarfen nan da ke rufe saman silinda, inda bawul suke, inda wuta ke tashi, inda ruwa ke bin ramuka yana sanyaya komai.

A jikin bangon rumfar akwai tof sun fi arba'in a jingine, kowanne an shafe shi da baƙin mai an lulluɓe da buhun siminti. Na Bedford ne, na Marsandi ne, na Austin ɗin da ko mai shekara hamsin bai tashi ya gan su a titi ba. 'Yan gwangwan sun sha zuwa da kurarsu suna lallashi, wai a ɗora musu a sikeli. Ran da ɗaya daga cikinsu ya yi gangancin cewa ai ƙarfe duk ƙarfe ne, sai da masu walda suka ajiye aiki suka zo ba da haƙuri.

Gwanintar Malam Yari ita ce ganewa. Tof biyu sai su zo maka kamar tagwaye, tsawo ɗaya, ramukan noti ɗaya, ka ɗora wannan a mazaunin wancan ya zauna daram, alhali ba gidansa ba ne. Kamfani ɗaya ya yi su, amma shekara ta bambanta, an ƙara wa inji girma, an ƙara ramin ruwa ko an matsar da shi. Maigidan da ya koya wa su Yari aiki a garejin En'e, wato na hukumar gargajiya ta da, ya kafa musu doka biyu. Ta farko, a kankare gefen tof da buroshin waya da kananzir har lambar da aka zuba tare da ƙarfen ta fito, a karanta ta. Ta biyu, a shimfiɗa gaskit ɗin injin, wato faifan da ake sawa tsakanin tof da jikin inji, a fuskar tof a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowane rami ya sami ɗan'uwansa a ƙasa. Yau Malam Yari ba ya tsallake ko ɗaya, ko da tof ɗin da ya sani tun yana saurayi ne. Amma ba tun asali yake haka ba.

Aiki kam ya ja baya tun tuni. Motocin yanzu jona musu wata 'yar na'ura ake yi ta faɗi ciwonsu, bakanike ya cire abin da ya lalace ya jefar ya sa sabo. Wa zai zauna yana goge ƙarfe kwana biyu? Sai ya yi wata guda ba wanda ya tsaya a bakin rumfarsa in ban da mai tambayar hanya. Matarsa Hajo ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu guda, Madina, tana aure a Zariya. Duk Juma'a takan kira ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ko ya sha magani, ya ce ya sha, sai magana ta ƙare. Kaɗaici yana cin sa, kuma ya sani, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka lafiya lau, sai godiya.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Katsina da za su iya yini suna hira ba su gaji ba, shi ne Babaji. Yana nan da ransa, yana auna gero da dawa a Babbar Kasuwa. Rana ɗaya aka kai su garejin En'e suna 'yan shekara sha huɗu, tare suka sha mari, tare suka iya aiki. Da aka yaye su suka kafa rumfar nan su biyu, suka raba aiki. Yari ya gane tof, ya zaɓo, ya ɗaura. Babaji ya daidaita fuskarsa. A lokacin duk mai son a goge masa tof da inji sai ya nufi Kano, amma Babaji yana da wani faifan gilashi mai kauri. Sai ya kwantar da tof fuska sama, ya shafa garin goga da mai, ya yi ta murza gilashin a kai yana zagayawa, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, har sai an ɗora rular ƙarfe ko haske bai ratsa ƙarƙashinta ba. Direbobi tun daga Funtuwa har Maraɗi sun san zancen: idon Yari, hannun Babaji.

To, wannan kirari ya hau wa Yari kai. Har ya kai in an ajiye tof a gabansa ba ya ko sunkuyawa. Daga tsaye, hannu a ƙugu, zai faɗi motar da shekararta, mutane su yi ta riƙe baki.

A shekarar tamanin da shida wani mai sayar da yadi, Alhaji Amiru, ya kawo jif ɗinsa 'yar Japan, tof ya tsage. Saura kwana biyar ɗaurin auren ƙanensa a Daura, kuma shi ne wakilin ango. Yari ya je wurin masu tsofaffin kaya, ya hango wani tof cikin tari, baƙi ƙirin da daskararren mai, ya ce wannan ne. Mai kayan ya miƙo masa buroshi ya duba lamba. Ya ture hannun mutumin, ya ce shi ake ba buroshi? Babaji ya kwashe kwana biyu yana goge fuskar. Yari ya ɗaura, bai bi ramuka da yatsa ba, don ana sauri kuma ga mutane suna kallo. Mota ta tashi da murya mai daɗi, aka zagaya gari da ita lafiya.

Ranar Asabar da hantsi, an wuce Mashi kaɗan, sai ta tafasa ta tsaya cik, inji ya kama. Alhaji Amiru da dattawa biyar suka tsaya a rana cikin manyan riguna, ga goro a bayan mota. Kafin su sami abin da ya kai su, mutanen Daura sun gaji da jira sun watse, sun ce an raina su. Sai da aka yi wata biyu ana bin su da ban haƙuri kafin aka ɗaura auren.

Washegari aka jawo jif ɗin zuwa rumfa. Kafin mutane su taru Yari ya ɗauki buroshi ya kankare gefen tof, lamba ta fito. Na tsohon inji ne, ƙaramin, wanda ba shi da ramukan ruwa biyu na can baya. Silinda ta shida ta yi ta cin wuta ba abin da ke sanyaya ta har ta ƙone. Ya gani da idonsa, ya gane sarai. Sai ya lakato baƙin mai da yatsa ya shafe wurin.

Alhaji Amiru ya iso yana huci. Wani sarkin surutu ya riga ya gaya masa a hanya cewa ai irin wannan goga ce ta yi yawa. Ya tsaya a gaban kanikawan layin duka ya ce wa ya taɓa fuskar tof ɗin nan? Babaji ya ce shi ne. Alhaji ya wanke shi tas, ya ce ya cinye masa ƙarfe da gilashin banza, ya ce hannunsa ba albarka, ya ce ya tozarta shi a idon surukai. Babaji ya juyo ya dubi Yari. Yari kuwa yana goge hannu da tsumma, ya yi ta gogewa, ya yi ta gogewa. Kai, wannan rana! Abin da ake so kawai ya buɗe baki ya ce laifina ne, shi ke nan. Bai buɗe ba. Kuma ba tsoron Alhaji ba ne, sunan nan na mai ido ne ya kasa saki.

Da la'asar Babaji ya naɗe gilashinsa cikin bargo ya ɗaura a bayan keke ya tafi. Zance ya bazu a tasha, ba direban da ya ƙara yarda ya taɓa masa inji, sai ya koma kasuwa wurin kawunsa mai hatsi. Alhaji Amiru ya sa aka ja motar zuwa gidansa a Ƙofar 'Yandaka, ya rantse ba bakaniken da zai ƙara sa mata hannu.

Kada ka ɗauka gaba suka shiga yi. Ina! Gaba ai da sauƙi. Gaisawa suke yi. Duk wata Yari yakan je sayen gero, kuma ba ya sayen na kowa sai na Babaji. Ina wuni Malam Babaji, lafiya lau Malam Yari, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya ƙarfin jiki, ya muka ji da zafi, madalla, madalla. Mutanen da a da ba sa kiran juna sai da kai ɗan banza! Da Hajo ta rasu Babaji ya zo ya zauna a tabarmar makoki kwana uku cur, ya yi addu'a ya tafi. Sau nawa Yari ya shirya maganar a bakinsa tun daga gida, ya maimaita ta a hanya? Sai gaisuwa ta ƙare, tiya ta cika buhu, ya ɗauki kayansa ya juyo. Shekara talatin da bakwai ana haka. Abin da yake so a duniya bai wuce ya faɗi gaskiyar nan abokinsa ya dawo masa ba, kuma abin da ya fi tsoro ke nan.

Ran wata Talata da hantsi wata motar ɗaukar kaya ta shigo layin a hankali, tana janye da wata jif, tayoyi a sace, fenti ya koɗe, kashin kaji ya rufe gilashi. Tun kafin ta tsaya Malam Yari ya gane ta, jif ɗin Alhaji Amiru ce. Wani mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar ya sauko cikin kaftani mai guga, ya cire takalmi ya durƙusa, suka gaisa sosai. Ya ce sunansa Siddiq, ma'aikacin gwamnati ne, ɗan marigayi Alhaji Amiru.

"Baba, an ce mani in ba kai ba, ba mai tada motar ga a garin nan," in ji Siddiq. "Gida za a raba, kowa ya ce a ba 'yan gwangwan, ni na ce a'a. Cikinta aka kai ni makaranta ranar farko. Ina so in ji kukanta ko sau ɗaya ne."

Malam Yari ya ce za a duba.

Siddiq ya yi 'yar dariya yana shafa ƙofar motar. "Alhaji har ya koma ga Allah yana cewa wani Babaji ne ya kashe mashi mota. Mu da sunan muka tashi. Har yau a gidanmu in yaro ya ɓata abu sai a ce ya yi aikin Babaji. Jikoki ma sun iya faɗi."

Haba Malam Yari! Ga ƙofa an buɗe maka, ga furfura har a gira, me kuma ake jira? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji." Siddiq ya ce amin, ya bar lambar wayarsa ya tafi. Malam Yari ya zauna yana kallon motar har aka kira azahar, yana jin haushin kansa kamar ya mari kansa.

Kwana uku yana zuba wa notuna kananzir kafin su yarda su juya. Da suka kwance ya roƙi biyu daga cikin masu walda suka kama masa aka sauke tof a kan tebur. Ya ɓamɓare tsohon gaskit, ya wanke fuskar, ya ɗora rula. Ko haske bai ratsa ba, in ban da can baya inda wuta ta ci, nan ma bai kai kaurin gashi ba. Da ya karkata ƙarfen wajen rana sai ga sawun gilashin Babaji, zagaye a kan zagaye, siriri, ba inda hannu ya fi nauyi. Aiki ne wanda ba a ƙara yin irinsa a garin ba. Kunya ta rufe Malam Yari, kewar abokinsa ta kama shi, ya zauna a kan tsohuwar taya ya share ido da tsumman da ya ƙara ɓata masa fuska.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ya san ta. A cikin tof ɗin nan na jikin bango akwai na wannan injin sak, lamba daidai, ramuka daidai. Ya ɗaura shi, ya tura tsohon ƙarƙashin tari, mota ta tashi, Siddiq ya yi godiya, a ƙara cewa Yari Shida ba dama. Har ya je ya yaye buhun ya tsaya a kansa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da buhun ya rufe. Ya ce a ransa wannan motar da aikin Babaji za ta yi tafiya, ko kuwa ta zauna.

Mayar da tof ɗin wani inji ya zama na wani ba wasa ba ne. Ya shimfiɗa sabon gaskit, ya bi ramuka da yatsa, a can baya yatsansa ya taɓa toshasshen ƙarfe sau biyu. Ya zana wuraren da alli. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali, kunne a kusa, yana neman inda ƙarfe ke amsawa da muryar kogo, domin nan ne hanyar ruwa take a ciki. Ka kauce kaɗan ka faɗa hanyar hayaƙi, ka matsa da ƙarfi tsohon ƙarfe ya tsage, ko wanne ya faru tof ya tashi aiki har abada. Ya jira ran da aka kawo wutar lantarki da safe, ya yi bismilla, ya ɗauki injin huda ƙarfe ya fara da siririn baki, yana ɗiga mai, yana ɗagawa, yana hurewa. Dole ya riƙa tsayawa yana hutawa. Ramin farko ya ci masa awa biyu. Da bakin ya faɗa kogo, tsatsa ta zubo, sai da ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi har mai waldan kusa ya leƙo.

Bai ƙare nan ba. Ɗakunan wuta na tsohon tof, wato kwaruruwan da mai ke ƙonewa a ciki, sun fi ƙanƙanta, in an bar su haka inji zai riƙa ƙwanƙwasa. Ya samo sirinji a kyamis, ya riƙa cika kowane ɗaki da kananzir yana duba abin da ya ci, ya goge kaɗan, ya sake aunawa, har shidan suka zo daidai da na babban inji. Ya gyara mazaunin bawul. Ya ciro fistan ta shida da ta ƙone, ya goge silindar, ya sa wata daga ajiyarsa. Mako uku ya yi, kuma rabon da ya ji jikinsa ya yi daɗi haka har ya manta.

Kafin ya ɗaura ya kira Siddiq a waya ya ce ya zo. Siddiq ya biyo daga ofis da rana. Malam Yari ya ja shi gaban tebur, ya nuna masa lambar da ke gefe, ya nuna masa ramuka biyu sababbi suna ƙyalli.

"Ka ga waɗannan? Da babu su. Rashin su ya kashe motar mahaifinka. Tof ɗin ba na injin ga ba ne, kuma ni na zaɓo shi, ni na ɗaura. Ban duba lamba ba don girman kai. Babaji fuska kawai ya goge, kuma ga ta nan, ka ɗora rula ka gani. Ina tsaye Alhaji ya zage shi, na sani, na yi shiru."

Siddiq ya sunkuya a kan tof ɗin. Ya dubi ramukan, ya dubi tsohon. "Baba, yana da rai?"

"Yana kasuwa, yana awon hatsi."

"Innalillahi. Shekara nawa muna cin naman bawan Allah a gida! Wallahi sai na je na ba shi haƙuri a madadin Alhaji."

"Tare za mu," in ji Malam Yari. "Amma bari ta tashi tukuna."

Ranar Alhamis ta tashi. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tofar da ƙurar shekaru, sannan ta daidaita ta kama wannan murya ta silinda shida, mai laushi, ba gargada. Masu walda suka kashe injinansu suka zo kallo. Malam Yari ya bar ta tana aiki awa guda, yana dafa bayan tof da tafin hannu, zafin gaba da na baya ɗaya. Bayan azahar Siddiq ya shiga mazaunin direba, shi ya zauna a gefe, suka nufi Babbar Kasuwa. Duk hanya Malam Yari na fargaba, amma har da murna a ciki, don ya fara hango Babaji a rumfa suna musu a kan bawul kamar da.

Suka ajiye motar a bakin layin 'yan hatsi suka shiga a ƙasa. Babaji na zaune a kan buhu, ya rame, gemu fari fat, tiya a hannu. Da ya hango su ya gyara zama ya fara, "A'a, Malam Yari, ina wuni, ina gaji…"

"Babaji," in ji Yari. Ba Malam, ba amsa gaisuwa. Maƙwabtan rumfa suka juyo, don ba a taɓa jin dattijo ya katse gaisuwa haka ba.

Yari ya faɗa duka, da ƙarfi, yadda na nesa ma zai ji. Tof ɗin da ya zaɓo daga tsaye, buroshin da ya ture, lambar da ya gani ya shafe da mai, shirun da ya yi. 'Yan hatsi suka yi ta kallon juna, domin yawancinsu ba su ma san Malam Babaji ya taɓa riƙe sifana ba. Siddiq ya durƙusa har ƙasa ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya roƙi gafara wa mahaifinsa da gidansu baki ɗaya.

Babaji ya kama hannun Siddiq ya ɗaga shi. "Tashi ɗana, tashi. Alhaji an ɓata mashi rai ne, kuma abin da aka gaya mashi ya faɗi. Allah ya jiƙan shi, ya kai haske kabarinshi. Ba komi tsakaninmu."

Sannan ya ajiye tiya ya dubi Yari.

"Ai na sani."

Yari ya ɗago kai.

"Silinda guda ta ƙone, ta baya. Da goga ce, da gaskit ne zai hura, ba fistan guda ta kama ba. Wanda ya yi wata uku a gareji ya san wannan. Tun ana jawo ta na ji warin na gane. Na dube ka don ka faɗi da bakinka. Kwana bakwai ban bar zaure ba, duk sallamar da aka yi sai in ce kai ne."

Can Babaji ya ce, "Yanzu mi ka yi mata? Ka canza tof?"

"A'a. Naka ne a kai. Hudawa na yi."

"Da wane baki?"

"Na fara da siriri, na ƙare da mai takwas."

"Ka auna ɗakunan wuta?"

"Da sirinji, duk shidan."

Babaji ya gyaɗa kai a hankali. "Daidai. Haka za a yi."

Murna ta kama Malam Yari har ya matso ya dafa buhu. "Tana waje, Babaji, taso ka ji muryarta! Kuma rumfa na nan yadda ka bar ta. Ba sai ka yi aiki ba, ka dai riƙa zuwa muna zama, ko da la'asar ne. Don Allah ka yafe mani."

"Na yafe maka, Yari, duniya da lahira. Ba yau ba ma, Allah shaida. Ba zan je gaban Ubangiji da kai a wuyana ba." Ya kaɗe ƙaiƙayi daga gwiwarsa. "Amma zama kam, a'a. Abokin nan nawa na yi kukan shi tun ina da ƙarfin kuka, na gama. Ba ni da ƙarfin sake farawa. Ka yi abin da ya dace, Allah ya ba ka lada. Ka bar ni haka nan."

Wata mata ta iso da kwarya tana tambayar farar dawa. Babaji ya juya wurinta, ya ɗauki tiya ya cusa cikin buhu.

Malam Yari ya tsaya kaɗan, ya ga ba sauran abin tsayawa, ya fito. An yafe masa, kuma ya yarda har zuciya aka yafe. Amma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba. Duk shekarun nan yana da ranar da yake jira, ranar da zai faɗa. Yau ya faɗa, ba sauran abin jira.

A bakin layi Siddiq ya buɗe masa ƙofa ya ce ya shigo ya sauke shi. Malam Yari ya ce masa a'a, ya tafi kawai, ya dai riƙa duba ruwa kowace safiya, kuma kada ya matsa mata sai ta yi mako biyu. Siddiq ya yi godiya ya ja mota. Malam Yari ya tsaya a gefen hanya har muryar injin ta ɓace cikin hayaniyar kasuwa, sannan ya kama hanyar Ƙofar Kaura a ƙasa.